Da wace tiya za mu auna masu binciken ciwon daji da cututtukan jini?

Kwanakin baya wani ɗan ƙanwata, likita matashi da ke neman ƙwarewa kan cututtukan jini a nan Yamai, ya zo gaishe ni bayan la'asar. Muna zaune a tsakar gida ya miƙo mini wayarsa ya ce: "Kawu, dubi abin da ake auna mu da shi." Shafinsa ne na Google Scholar, dandalin intanet da ke ƙidaya sau nawa wasu masu bincike suka ambaci aikin mutum, da ƴan maƙalun da ya rubuta kan yara masu amosanin jini, wato sikila, kuma waɗanda suka ambace su duka ba su cika yatsun hannu biyu ba. Daga nan ya buɗe shafin wani farfesa na Turai mai bincike kan kansar jini, inda ambaton ya kai dubbai. Na ga yadda jikinsa ya yi sanyi, kuma abin ya tsaya mini a rai, domin na san dararen da yake kwana a ɗakin yara yana neman jinin da za a ƙara wa ɗan wani.

Wannan lissafi yana da asali. A 1964 Eugene Garfield na Amurka ya fitar da kundin farko da ke bin diddigin maƙalar da ta ambaci wata maƙala, kuma daga aikinsa ne aka samo ma'aunin tasirin mujallu da jami'o'i ke ji da shi a yau. A 2005 Jorge Hirsch, masanin fiziya a Kalifoniya, ya kawo ma'aunin da ake kira h: idan aka ce na mutum 10 ne, ana nufin yana da maƙala 10 da aka ambaci kowacce aƙalla sau 10. Ban ce wannan shirme ne ba. Maƙalar Linus Pauling da abokan aikinsa ta 1949, wadda ta nuna cewa matsalar sikila tana cikin sinadarin da ke ɗaukar iska a jan jini, da ta Anthony Allison ta 1954, wadda ta nuna cewa mai ɗauke da rabin gadon cutar yana samun kariya daga zazzaɓin sauro mai tsanani, an yi ta ambatonsu ne domin sun cancanta. Duk wanda ya zo bayansu a kan tubalinsu ya ɗora nasa.

Sai dai ambato yana ƙidaya marubutan da suka yi amfani da aikinka ne, kuma marubuta sun fi yawa inda kuɗi da ɗakunan gwaji suka fi yawa. Lokacin da mujallar Nature ta yi ƙidaya a 2014, maƙalar da ta zo kan gaba a duk tarihin kimiyya ita ce ta Oliver Lowry ta 1951, da ambato fiye da 300,000, kuma abin da ta ƙunsa shi ne hanyar auna yawan furotin a ɗakin gwaji. Hanya ce mai amfani ƙwarai, amma babu mai hankalin da zai ce ta fi kowane bincike a duniya ceton rai.

Labarin Denis Burkitt ya fi kusa da mu. Likitan fiɗa ne a asibitin Mulago da ke Kampala, ya lura da yara masu kumburin muƙamuƙi, wani nau'in ciwon daji, da ke girma cikin ƴan makonni, ya tattara bayanan 38 daga cikinsu ya buga a 1958. Maƙalar ba ta ja hankalin mutane sosai ba a farko. Bai fasa ba, ya riƙa aika wasiƙu da hotuna zuwa asibitocin Afirka, ya yi doguwar tafiya a mota yana tambayar inda cutar take da inda babu ita, har ya gano tana bin yankuna masu zafi da damshi, inda daga baya aka fahimci cewa zazzaɓin sauro ne ya yi katutu. A 1961 Anthony Epstein ya saurari laccarsa a Landan, kuma a 1964, daga binciken wannan kumburi, aka gano ƙwayar bairos ta Epstein da Barr, ta farko da aka danganta da ciwon daji a jikin ɗan Adam. Da a ce wani kwamiti ya auna Burkitt da yawan ambato a 1959, da ya ce masa ya koma ɗakin fiɗa ya bar bincike ga masu shi. Wannan ciwo kuwa har yau yana cikin waɗanda ake kawo yaranmu da su, wani lokaci daga ƙauyukan Tawa ko Maraɗi, bayan an sha jiƙo an yi tofi, fuska ta riga ta karkace.

Ga mai bincike a Nijar akwai wasu shingaye da lissafin ba ya nunawa. Da Faransanci muka yi karatu, da shi likitocinmu ke rubutu, alhali manyan rumbunan ƙidaya irin su Scopus da Web of Science sun fi karkata ga mujallun Ingilishi, kuma mujallun yankinmu da yawa ba sa cikinsu. Likitan Bamako yana iya karanta aikin na Yamai ya sauya yadda yake kula da majinyatansa, amma wannan karatun ba zai taɓa bayyana a matsayin lamba ba. Ga kuma kuɗin bugawa. A 2021 Nature ta sa yuro 9,500 ga mai son a buɗe maƙalarsa kowa ya karanta kyauta, wato fiye da miliyan 6 na sefa. Gaskiya ne wasu mujallu suna yafe wa ƙasashe marasa ƙarfi, amma ba duka ba, kuma ba kowane matashi ne ya san ƙofar da zai ƙwanƙwasa ba. Akwai kuma abin da ya fi ci mini rai: sau da yawa mu ne ke ɗibar jinin, mu lallashi iyaye su yarda, mu cika takardu, sannan idan maƙala ta fito sai a tarar da sunan namu a tsakiyar jerin sunaye, na farko da na ƙarshe kuwa, waɗanda su ne ake kallo, na baƙi ne.

Aikin da ƙasar nan ta fi buƙata ma ba irin wanda ke tara ambato ba ne. Tun 1992 ake riƙe da rajistar ciwon daji a Yamai, inda ake rubuta wane irin daji ne ya kama wa, a wace shekara, a wace gaɓa. Aiki ne na haƙuri da ba ya sa a yi suna, amma in babu shi ma'aikatar kiwon lafiya za ta yi ta lalube ne cikin duhu wajen sayen magani da horar da ma'aikata. Sai a 2021 aka fara gashin ciwon daji a Cibiyar Yaƙi da Kansa ta Ƙasa, da taimakon hukumar makamashin nukiliya ta duniya. Yanzu tambayoyin da ke gabanmu su ne: matan da ke zuwa da kansar nono ko ta bakin mahaifa, a wane mataki suke isowa, nawa ne ke yanke jiyya saboda kuɗin mota da na masauki, nawa ne ke raye bayan shekara biyu? Mai amsa waɗannan ba zai burge manyan mujallun Amurka ba, amma shi ne zai gaya mana ko na'urar da aka kawo tana biyan buƙata.

Kada wani ya ɗauki wannan magana ya mai da ita mafakar lalaci. Na san kundayen kammala karatun likita da ke jibge a kabad ƙura ta rufe su, cike da bayanan da babu wanda ya buga, kuma wannan asara ce da ba za mu ɗora wa kowa ba sai kanmu. An kuma nuna cewa tambayar da ta taso daga ɗakin majinyatan Afirka tana iya kaiwa manyan mujallu. Binciken da aka yi kan yara fiye da 600 a Angola da Kwango da Kenya da Yuganda, wanda ya fito a 2019 da sunan Léon Tshilolo na Kinshasa a farko, ya tabbatar da cewa maganin hydroxyurea yana rage ciwon ƙashi da ƙarin jini da mace-mace ga masu sikila, har ma da zazzaɓin sauro. A Kano, maƙwabtanmu sun gwada wannan magani wajen kare yaran da hoton jijiyoyin kai ya nuna suna cikin haɗarin shanyewar ɓarin jiki, domin ƙarin jini duk wata, wanda ƙasashe masu arziki ke yi, ya fi ƙarfin yawancin iyalai, kuma sakamakon da aka buga a 2022 ya nuna ƙaramin awo bai gaza matsakaici ba. Waɗannan ayyuka ana ambatonsu, kuma uwa mai ɗa a gadon asibiti tana cin moriyarsu.

Abin da nake kira gare shi shi ne a gyara yadda muke hukunci. Hukumar CAMES, wadda ke tantance malaman jami'o'inmu wajen ƙarin girma, a nan Yamai aka yanke shawarar kafa ta a 1968, saboda haka muna da bakin magana a cikinta. Tun 2012 masana suka tsara sanarwar San Faransisko, suna gargaɗin a daina auna mutum da sunan mujallar da ya buga a ciki, a karanta aikin kansa. Jami'ar Abdou Moumouni da sauran jami'o'inmu suna iya farawa daga gida: duk mai neman ƙarin girma ko kuɗin bincike ya zaɓi ayyukansa uku, ya bayyana tambayar da kowanne ya amsa, da rawar da shi kansa ya taka, da abin da ya sauya a asibiti bayan fitowarsa. A ware ɗan asusu na biyan kuɗin bugawa da fassara zuwa Ingilishi, a taimaka wa mujallunmu su cika sharuɗɗan shiga rumbunan duniya, kuma duk yarjejeniyar bincike da baƙi a rubuta tun farko wanda zai riƙe bayanan da inda sunan namu zai zauna.

Kafin ɗan ƙanwata ya tafi na tambaye shi abin da yake rubutawa yanzu. Ya ce yana bin fayilolin yara masu sikila da aka kwantar a lokacin damina, yana son ya san nawa ne zazzaɓin sauro ya kawo, nawa ne suka iso jini ya riga ya ƙare, da kuma awa nawa aka yi kafin a samo musu leda guda ta jini. Na ce masa ya gama shi, ya buga da Faransanci domin abokan aikinsa na Tawa da Damagaram, sannan mu nemi wanda zai taya shi juya shi zuwa Ingilishi.