Shawarar da Ba a Rubuta Ba, Kamar Ba a Yanke Ta Ba Ce

Shekara huɗu ke nan ina rubuta manhaja daga ɗakina a nan Jos, ina aiki da mutanen da yawancinsu ban taɓa yin musabaha da su ba. A tsawon wannan lokaci, abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya ya wuce ɗauke wuta da tsadar data: shi ne shugabancin da ke gudana da baki kawai, a waya, ko a saƙon murya na WhatsApp, ko a taron gaggawa wanda duk wanda bai samu halarta ba sai ya wayi gari ya zama baƙo a cikin aikinsa.

A wani wurin da na taɓa yi wa aiki, na shafe kwana uku ina gina shafin biyan kuɗi, har da tayar da janareta cikin dare don kada in saɓa alkawari, sai da na miƙa aikin aka ce mini ai tun ranar Litinin aka fasa wannan tsari. Oga da wani abokin aikinmu ne suka yanke shawarar a waya, kowannensu ya ɗauka ɗayan zai sanar da ni. Babu wanda ya yi nufin cutar da ni, amma da an rubuta layi biyu a inda kowa ke dubawa, da kwanakina da man da na ƙona ba su tafi a banza ba.

Lissafin agogo kaɗai ya isa hujja. A lokacin hunturun Amurka, ƙarfe 9 na safe a San Faransisko ƙarfe 6 na yamma ne a Jos, daf da magariba, kuma ƙarfe 10 da rabi na dare ne a Bangalo ta Indiya. Tawagar da ta bazu haka ba ta da sa'a guda da ta dace da kowa, saboda haka duk taron da aka ce dole ne, akwai wanda ya biya shi da barcinsa ko da lokacin iyalinsa, kuma galibi wanda ya fi nisa da ofishin masu kuɗin ne ke biya.

Ba sabon abu nake kawowa ba. Tun daga 1991 da Linus Torvalds ya fara Linux, babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta, ta imel ake aika gyare-gyare ana muhawara a kansu a bainar jama'a, kuma har yau mutum zai iya komawa ya karanta dalilin da ya sa aka karɓi wani gyara aka ƙi wani. Don wannan irin aikin ne ya ƙirƙiro Git, manhajar da ke adana tarihin duk gyaran da aka yi wa aiki, a 2005. Kamfanin GitLab, wanda ma'aikatansa ke warwatse a ƙasashe fiye da 60, ya shimfiɗa littafin ƙa'idojin aikinsa a intanet kowa na iya karantawa, kuma dokarsu ita ce a fara rubuta canji a littafin kafin a sanar da shi. Automattic, masu WordPress.com, sun rufe ofishinsu na San Faransisko a 2017 saboda ma'aikata ƙalilan ne ke zuwa.

To amma mu akwai abin da ke ɗaure mana ƙafa, kuma a nan nake so in daɗe. An rene mu da kunya da girmama na gaba, tarbiyyar da nake alfahari da ita, sai dai a wurin aiki takan sa matashi ya ƙi yin tambaya a zauren Slack, manhajar hirar ma'aikata, inda kowa zai gani, don kada a ce bai iya ba. Sai ya lallaɓa ya tura wa wanda ya saba da shi saƙon sirri, a ba shi amsa a sirrance, bayan wata guda wani sabon ma'aikaci ya sake makalewa a daidai wannan wuri. Mu ne muke cewa matambayi ba ya ɓata, amma mun fi son mu yi tambayar a bayan ƙofa. Manyan ma ba su tsira ba: na ga ƙwararren da ya ɗauki gyaran da ƙaramin ma'aikaci ya rubuta masa a GitHub, shafin da masu rubuta manhaja ke ajiye aikinsu, tamkar raini, alhali yaron ya yi daidai. A ganina iyakar a bayyane take. Gyaran aiki a fili ake yin sa, da ladabi da hujja, domin kowa ya ƙaru. Gyaran hali kuwa sai a keɓe mutum, kamar yadda iyayenmu suka koya mana.

Hatta gaisuwa tana buƙatar dabara. Wani zai rubuto sallama da "ina kwana", sannan ya yi shiru yana jiran amsa kafin ya faɗi buƙatarsa, ga shi wanda ya gaisar yana barci a wata nahiyar. Yini guda ya tafi ke nan. Ban ce a daina gaisuwa ba, Allah ya kiyaye. A haɗa ta da tambayar, da abin da aka riga aka gwada, da hoton kuskuren da kwamfutar ta nuna, duk a saƙo ɗaya.

Shugabannin da ke gadin ɗigon nan kore na gefen sunan ma'aikaci mai nuna yana kan layi, ko suke sa manhajar da ke ɗaukar hoton allon kwamfutarsa, zaman kujera suke aunawa. Wanda ke Rikkos ko Bukuru yana aiki ne lokacin da aka kawo wuta ko batirin sola ya cika, yana tashi salla, ranar Juma'a yana tafiya masallaci, a watan azumi kuma ƙwaƙwalwarsa ta fi buɗewa bayan asuba. Idan an rubuta masa abin da ake so, da ranar da ake so, da dalilin da ya sa ake so, aikin da ya miƙa ya isa shaida a kansa. Shugaban ma ya kamata ya rubuta nasa dalilan a inda na ƙasa za su iya tuhumarsa, kuma wannan ne ɓangaren da yawancinsu ke gudu.

Na yarda akwai lokacin kira. Idan manhaja ta tsaya kuɗin mutane suka maƙale, babu mai zaman rubuta wasiƙa, haka kuma sabon ma'aikaci yana buƙatar jin muryar mutane kafin ya saki jiki. Sharaɗina ɗaya ne: ana ajiye waya, wani ya rubuta abin da aka tsayar.

A tawagar da nake yanzu, kafin in taɓa babban aiki sai na rubuta tsarinsa a shafi guda na bar shi kwana biyu kowa ya tofa albarkacin bakinsa. Makon jiya na rubuta irin wannan bayan isha na kwanta. Da na tashi na tarar wata abokiyar aikinmu a Nairobi, wadda agogonsu ke gaban namu da awa biyu, ta nuna mini cewa tsarin zai cire wa mai saye kuɗi sau biyu idan intanet ta yanke masa yana tsakiyar biya. Na gyara shafin kafin in karya kumallo, ban kuma rubuta layin manhaja ko ɗaya ba tukuna.