A Kai Jagorancin Sana'a Cikin Aji, Inda Ɗalibai Suke

A shekarar 1959, wasu sistocin Katolika da ke koyarwa a kwalejin St. Theresa ta Oke-Ado a Ibadan sun gayyato ma'aikata daga fannoni daban-daban domin su zanta da 'yan matan ajin ƙarshe kan ayyukan da za su iya nema bayan makaranta. Daga wannan zama ake ƙirga farkon jagorancin sana'a a makarantun Nijeriya, kuma abin lura shi ne masu aikin ne suka taka har inda ɗaliban suke.

Manufar Ilimi ta Ƙasa ta 1977 ta amince da wannan aiki, amma a manyan makarantunmu da dama ya koma wani ofishi wanda ɗalibi zai iya kammala karatu bai san ƙofarsa ba. Wanda ke neman ofishin galibi shi ne wanda dama yake da mai nuna masa hanya a gida. Ɗan manomin da shi ne na farko a gidansu da ya shiga jami'a, ko yarinyar da ke jin nauyin tunkarar baƙon malami ita kaɗai, aji ne kawai wurin da za a same su ba tare da sun roƙa ba.

A dubi wanda ya cike likitanci a jarrabawar JAMB, aka ba shi nazarin ƙananan halittu. Yakan yi shekara huɗu zuciyarsa na wani wuri, alhali da a zangon farko wata ma'aikaciyar NAFDAC, ko mai gwajin ruwan sha, ko mai kula da ingancin kaya a masana'antar abinci ta tsaya a gabansa ta bayyana yadda ta samu aikin, da takardun da aka nema, da abin da take yi daga safe zuwa yamma, da ya kalli darasinsa da wani ido dabam.

Za a ce ai akwai shirin SIWES na tura ɗalibai koyon aiki a ma'aikatu da masana'antu, wanda hukumar horas da ma'aikata ta ITF ta kafa a 1973, da koyon sana'a da NYSC ta shigar a sansanoninta a 2012. Dukansu suna da amfani, sai dai na farko bai shafi kowane kwas ba, na biyu kuma yana zuwa ne bayan an karɓi takardar shaida, cikin makonni uku masu cike da fareti.

Malamai kuma suna da hujja idan suka ce lokaci ya yi ƙaranci, musamman tun bayan yajin aikin malaman jami'o'i na watanni takwas a 2022 da ya hargitsa jadawali. Amma awa biyu a kowane zango ba za su hana kammala manhaja ba, muddin malamin kwas ɗin ne ya zaɓi baƙon daga tsofaffin ɗaliban sashen, aka kuma rufe ƙofa ga masu zuwa tallar hajarsu ko jawabin zaburarwa maras tushe. Hukumomin NUC da NBTE da NCCE, masu kula da jami'o'i da kwalejojin fasaha da kwalejojin ilimi, suna da ikon sanya wannan cikin sharuɗɗan tantance kwasa-kwasai, ta yadda kowane sashe zai nuna sunayen waɗanda ya gayyata da ranakun da suka zo.