Saiwar bishiyar sikwoya ba zurfi take yi ba, yaɗuwa take yi

Yana damuna yadda ake yawan cewa sikwoya, ƙatuwar bishiyar nan mai jan ɓawo ta tsaunukan Siyera Nebada a Kalifoniya, tana da saiwa mai zurfi daidai da tsayinta. Masu wannan zato suna da hujja. Wadda ake kira Janar Shaman ta kai kusan mita 84, kuma hankali zai ce dole wani abu ya riƙe ta can ƙasa. Shi ya sa wasu masu manyan lambuna ke dasa ta su ƙyale ta, wai za ta nemo ruwa da kanta.

Amma ba haka abin yake ba. Da wuya saiwarta ta wuce zurfin mita 4. Gefe take bazuwa, har mita 30 ko fiye daga gindi, kuma wannan faɗin da nauyin gindinta ne ke tsayar da ita. Dalili kuwa, a mahaifarta ƙanƙara ce ke narkewa ta jiƙa saman ƙasa, ƙananan jijiyoyin da ke shan ruwa suna nan kusa da sama. Don haka ƙaramar sikwoya tana buƙatar ban ruwa lokacin fari, da fili mai yawa nesa da gini.

Takawa ma tana cutar da ita. A gandun dajin Sikwoya na Amurka, sai da hukuma ta rushe masaukai da wuraren ajiye motoci da ke tsakanin manyan bishiyoyin tun daga ƙarshen shekarun 1990, domin gine-ginen da zirga-zirga suna danne ƙasa, suna lalata saiwoyin.