Hunturu da bazara suna taɓa jinin mai wankin ƙoda

Shekara shida ke nan ina aikin jinya a sashen wankin ƙoda, inda inji ke tace jini ya cire ruwan da ya taru a jikin wanda ƙodarsa ta gaza, a nan Ingila, kuma duk watan Janairu abu ɗaya nake gani. Marasa lafiya su hau sikeli, nauyi ya fi na watan Yuli, awon jini ma ya haura. Tun 1998 likitoci a Montpellier ta Faransa suka wallafa cewa jinin masu wankin ƙoda ya fi hawa lokacin sanyi, ya sauka lokacin zafi. Sanyi yana tsuke jijiyoyin jini, ga shi ba a gumi, kuma wanda ƙodarsa ta gaza fitsari kaɗan yake yi ko ma babu. Sai ruwan ya kwanta masa a jiki.

Nan fa ɗakuna da ɗumi, ana wanki sau uku a mako, wajen awa huɗu kowane zama, ba a biyan ko sisi. Duk da haka sanyi yana nuna kansa.

To ina ga Baffana a Jekadafari ta Gombe? Sau biyu yake zuwa wanki a mako, wani makon sau ɗaya idan kuɗi sun yi ƙaranci. Da hunturu ya tashi asuba ya yi alwala da ruwan randa, ya hau acaɓa iska na dukansa. Da bazara kuwa, Maris zuwa Afrilu, zafin Gombe yana kai maki 40, ba wuta, maƙogwaro a bushe. Wa zai iya hana dattijo zoɓo mai sanyi ko yankan kankana? Alhali duk ruwa ne da zai kwanta masa a jiki, fura da kunu ma ruwa ne. Kuma zafin yana buɗe jijiyoyi, idan inji ya ja ruwa da yawa jini sai ya faɗi. A bazarar bara yana sauka daga gado jiri ya ɗebe shi, Allah ya sa ƙanina yana riƙe da hannunsa.

Abin da ke damuna shi ne mun ɗauki maganin hawan jini da nauyin jikin da likita ya ƙayyade mara lafiya ya koma bayan wanki kamar abin da ba ya taɓuwa. A ganina mu na gida Najeriya mu ne muka fi buƙatar a riƙa sake duba su da shigowar kowane yanayi, tunda babu abin da ya kare mu daga sanyi ko zafi. Likita ne zai canza, kada kowa ya rage ƙwaya da kansa. Amma da me zai yi hukunci idan awon ranar wanki kaɗai yake gani?

Na aika da na'urar awon jini da littafi. Na ce, "Baffa, don Allah a auna safe da yamma, a rubuta, a kuma sassauta gishiri da magi da kanwa." Ya ce, "To, 'yar nan, Allah ya yi albarka." Yanzu duk Juma'a ƙanina yana turo mini hoton shafin ta WhatsApp, ranar wanki kuma ya tafi wa likita da littafin.