Ranar da faifan auduga ya ƙwace mini alƙalami

Surukina ya yi shekara 35 yana koyarwa kafin ya yi ritaya yana hedimasta, kuma har gobe da rubutu yake auna mutum. Lokacin da nake neman 'yarsa, wasiƙar da na aika mata ta dawo hannuna da gyara uku da jan biro. Don haka da na ce zan ƙera masa alƙalami da hannuna, ba neman lada kaɗai nake ba, akwai tsohon bashi a tsakaninmu.

Ni ma'aikacin ofis ne, ba kafinta ba. YouTube da rashin barci ne suka jefa ni cikin wannan sha'ani. Wani dattijon Bature a Amurka na gani a garejinsa yana fere alƙalami daga guntun rezin, wato robar nan mai tauri da ake zubawa a mazubi ta daskare kamar gilashi. Bidiyon minti ashirin ne. Minti huɗun farko duk gargaɗi ne, ni kuma data ba kyauta ake ba ni ba, sai na tsallake zuwa inda ake aiki.

Guntun da na yi oda shuɗi ne mai ratsin fari, tsawonsa inci biyar, kaurinsa bai kai inci ɗaya ba. Ana raba shi biyu, a huda kowane da ramin milimita 7, a manna siririn bututun tagulla a ciki, a zura su a sandar ƙarfe, a ɗora kan injin juyi, ƙanen wanda kafintoci ke fere ƙafar tebur da shi. Wannan injin shi nake tsoro. Na yi masa bisimilla ta fi a ƙirga, na sa tabarau, na kori yara. Bai yi mini komai ba. Rezin ya riƙa fita zare-zare kamar taliyar hannu, yana lauye mini a gemu, alƙalami ya fito sambal.

Matsalar ta fara ne da na saki jiki.

Rezin da aka gama ferewa dusu-dusu yake kamar tsohon bokiti, sai an bi shi da samfefa daga mai kaushi zuwa mai laushi: 320, 400, 600, sannan wasu 'yan soso guda tara da ake kira Micro-Mesh, daga 1500 har 12000. Da ruwa ake yi, don ruwan na kwantar da ƙura kada ta shiga huhu, yana kuma sanyaya robar. Ni na ga ruwa kusa da abin lantarki bai kwanta mini ba, sai na yi a bushe, na danna da ƙarfin wanda ya ci tuwon dare. Wani wari ya tashi irin na leda a bola. Da na tsayar da inji, gefe guda ya yi laushi ya kama sawun samfefar. Na ɗauko tsohon singileti, na naɗe a yatsa don in goge, inji na juyawa. Kafin in ce "a'a" ya fizge singiletin ya naɗe shi tsaf a sanda. Allah ya so ni naɗin sako-sako ne, yatsan ya zame. Daga baya na ga dalilin da ya sa dattijon ke goga da takardar tishu: ita idan inji ya kama ta yagewa take yi, ƙyalle kuwa da mai shi yake tafiya.

Na sake fere wurin, na bi matakan da ruwa, ina tsayar da inji bayan kowane mataki in goga a tsaye don in kashe zoben da juyi ke bari. Ya yi kyau. Mai hankali a nan zai tsaya. Amma dattijon ya ce akwai sheƙin da sai faifan auduga ke fito da shi, ni kuma surukin da zan kai wa yana hango ɗigon da aka manta daga ƙofar aji.

Faifan ƙyallayen auduga ne aka jera aka ɗinke, faɗinsa inci takwas, laushi kamar matashin jariri. Ana goga masa wasu sanduna masu kama da sabulun wanki. Na farko ruwan ƙasa ne, sunansa tiripoli, daga sunan Tarabulus ta Libya, garin da fatake suka daɗe suna kai-komo tsakaninsa da Kano. Wannan ya sa na ji kamar ɗan gida ne, ba zai cuce ni ba. Na biyu fari ne, ya fi laushi. Na uku kakin kanoba ne, wanda ake samu daga ganyen wani irin dabino a Barazil. Kowane da faifansa, ba a haɗa musu.

Abin da ba ni da shi injin da zai juya faifan. Na ari giranda wurin maƙwabcina mai walda, na cire dutsen, na ɗaura audugar. A jikinta an rubuta 2850, wato juyi a minti ɗaya. Na dattijon 1725 ne. Na ga bambancin, na ce ai gara, zan gama da wuri. Sai bayan abin ya faru na zauna da kalkuleta: bakin faifan inci takwas a wannan gudu yana yin sama da kilomita 100 a awa. Ashe matashin jaririn nan gudun direban Kano zuwa Zariya yake yi.

Ranar Juma'a ce, na dawo masallaci cikin sabuwar shadda mai faɗin hannu. Na ce bari in ɗan taɓa kafin a sauke abinci. Na riƙe rabin alƙalamin da yatsa biyu kamar mai ɗaukar goro, na kai shi saman faifan, da bakinsa ma, inda bututun yake.

Ban ga tafiyarsa ba. Na dai ji wani abu ya wuce ta gefen kunnena yana fito, sai "ƙwam!" a rufin kwanon kicin, sai kaji suka watse. Na dubi hannuna, yatsu biyu na nan a haɗe, suna riƙe da iska cikin ladabi.

Maman yara ta fito da ludayi a hannu tana faɗa da 'ya'yan maƙwabta ta kan katanga, wai sun fara jifan mangwaron da bai nuna ba. Na yi shiru. Wani yaro daga can ya rantse da Allah ba su ba ne. Na ƙara yin shiru. Autana ne ya tona ni.

"Umma, biron Abba ne ya tashi sama."

Ta juyo ta dube ni daga hula har takalmi. Gemuna ya cika da zaren auduga, gaban shaddar ya yi layin ruwan ƙasa daga wuya zuwa ciki, domin faifan duk abin da ka shafa masa fiye da kima a ƙirjinka yake mayar maka.

"Maigida, wannan shaddar ce ta Sallah?"

"Za ta wanku," na ce.

"Wa zai wanke?"

Muna cikin neman alƙalamin aka ɗauke wuta. Giranda ta yi shiru, na ɗauka magana ta ƙare. Na cire hulata na kifa a kan faifan, na hau tsani. Makunnin giranda irin wanda ke zama inda ka bar shi ne, ni kuma a kunne na bar shi. Ina can sama ina leƙen indararo aka dawo da wuta. Hular zanna ce, wata biyu na jira ɗinkinta. Ta riga ni sauka, a gidan mai waldar.

Shi ya kawo mini ita da kansa, ya ga ɓarnar, ya yi dariya har da zama a kan turmi. Sannan ya ce, "Yallaɓai, cire rigar nan tukuna." Ya sa na koma 'yar shara, ya karɓi carbin da ke lilo a hannuna da agogo, ya ce safar hannu ma ba a sawa kusa da abin da ke juyawa. Ya nuna mini faifan yana juyowa ne ta sama zuwa wurina sannan ya yi ƙasa, saboda haka a ƙasan tsakiyarsa ake aiki: in ya ƙwace, ƙasa zai buga, ba fuska ba. Ya fere ɗan tsinken katako ya zura cikin bututun, ya ce shi za ka riƙe da hannu biyu, kada ka taɓa miƙa wa faifan baki ko kusurwa. Sabulun kuma taɓawa ɗaya ta daƙiƙa biyu ta isa. A riƙa juya alƙalamin, ba dannawa, in ya ɗumama a huta. Ya ɗaura ƙaramin faifai mai inci huɗu don bakin ya rage gudu da rabi, ya ba ni garkuwar fuskarsa mai haske da takunkumi, ya ce in an ɗauke wuta a zare filogi kafin a yi ko tari.

Duk abin da ya faɗa yana cikin minti huɗun da na tsallake. Na duba da daddare, a ɓoye.

Rabin alƙalamin a kwandon kuka da aka shanya a rufi muka same shi, da ɗan tsagi a baki. Na rage wurin, na sake bin samfefa tun daga 400, na goge shi a ƙasan faifai kamar mai lallashin jariri. Ya yi sheƙin da ka ke ganin fuskarka a ciki.

Asabar na kai wa Baba. Ya sa tabarau, ya juya shi a rana, ya daɗe yana dubawa.

"Kai ka yi wannan?"

"Ni ne, Baba."

"Madalla. Amma rabin sama ya fi na ƙasa gajarta."

Ya buɗe durowa ya ajiye shi a hankali cikin gidan tabarau, ya ce irin wannan ba a ɓata shi da rubutu. Sannan ya zaro tsohon jan bironsa daga aljihu, ya jawo katin da na haɗo da kyautar, ya fara karantawa.