Titin Buckeye da Zangon Kumasi

A Cleveland ta jihar Ohio a Amurka, inda nake zaune shekara bakwai ke nan, akwai wani titi mai suna Buckeye wanda a da ake yi wa laƙabi da ƙaramar Hangari. Tsofaffin garin har yau suna alfahari da cewa an taɓa yin zamanin da, in ban da Budapest, babban birnin ƙasar Hangari, babu birnin da ya tara 'yan Hangari kamar nasu. Zancen da ƙarin gishiri a ciki, amma majami'ar Saint Elizabeth da suka kafa a 1892 tana nan a tsaye, haka ma mutum-mutumin Lajos Kossuth, jagoran tawayensu na 1848, wanda suka kafa a 1902. Abin da ba ka ji a titin yanzu shi ne harshen Magyar, wato harshen 'yan Hangari.

Waɗanda suka fara cika unguwar talakawan ƙauye ne da suka zo ci-rani masana'antun ƙarfe daga wajajen 1880 zuwa ɓarkewar yaƙin duniya na ɗaya, da niyyar tara abin sayen gona su koma gida, kuma da yawansu sun koma. Waɗanda suka zauna ba su yi sake ba: sun gina majami'u, sun kafa ƙungiyoyin taimakon juna na jinya da jana'iza, sun buga jaridar Szabadság tun 1891. Duk da haka jikokinsu, da hali ya samu suka koma unguwannin bayan gari, sun tashi da sunan kaka da girkin kaka, harshen kuwa ya tsaya a gaisuwa.

Ayarin 1956 daban yake. Bayan tankokin Tarayyar Sobiyet sun murƙushe boren Budapest a watan Nuwamba na shekarar, mutum wajen 200,000 suka tsere, mafi yawansu ta iyakar Ostiriya. Kanada ta karɓi kimanin 37,000, har da malamai da ɗaliban makarantar gandun daji ta Sopron, waɗanda suka ci gaba da karatunsu a jami'ar British Columbia. A cikin wannan ayari Andy Grove, wanda daga baya ya shugabanci kamfanin Intel, ya iso Amurka. Masu gudun hijirar bayan yaƙin duniya na biyu da na 1956 sun san ba komawa za su yi ba nan kusa, saboda haka suka ɗauki harshen a matsayin amana, suka riƙe makarantun maraice da ƙungiyar sikawut wadda ba a magana a cikinta sai da Magyar. A Cleveland, yaran da na ji suna magana da harshen a bakinsu yawanci daga wannan zuriya suka fito.

Akwai kuma waɗanda ba su je ko'ina ba, iyaka ce ta zo ta same su. Yarjejeniyar Trianon ta 1920 ta yanke wa Hangari kusan kashi biyu cikin uku na ƙasarta, ta bar Magyar sama da miliyan 3 a ƙasashen maƙwabta. Fiye da shekara ɗari bayan haka, a gundumar Harghita ta Romaniya har yanzu da Magyar ake ciniki a kasuwa. Duk Bahaushen da ya san yadda Turawa suka ratsa layi tsakanin Katsina da Maraɗi ba ya bukatar dogon bayani a nan.

Dalilin da ya sa na damu da wannan tarihi shi ne wani zance da nake yawan ji a taron suna da walimar Sallah na 'yan uwanmu a nan, cewa wai Hausa ba ta ɓata a baƙon wuri. Hujjar kullum ita ce zangon Kumasi da Nima ta Akara, sai kuma garin Mai Wurno a bakin Shuɗin Kogin Nilu a Sudan, inda mabiyan Sarkin Musulmi Attahiru suka sauka bayan yaƙin Burmi na 1903. Gaskiya ne Hausa ta rayu a waɗannan wurare, amma a ganina ana kuskuren fahimtar dalili. A zango Hausa ce harshen cinikin goro da shanu, da ita malamin zaure yake fassara, Badagombe da Bamoshe ma ita suke koya domin su yi hulɗa da juna. Yaron zango bai riƙe ta don kishin kakanni ba, ya riƙe ta ne domin da ita yake cin abinci.

Yaronmu na Ohio ba ya sayen ko alawa da Hausa. Gidajenmu a warwatse suke, sai an yi tafiyar rabin awa a mota kafin a kai ga maƙwabci Bahaushe, huɗubar Juma'a da Turanci ake yi, Islamiyyar ƙarshen mako kuma Larabci take koyarwa, wanda hakan daidai ne, sai dai ba ta maye gurbin zaure ba. Matsayinmu ya fi kusa da na ma'aikatan Buckeye, mu ma da zancen komawa gida a bakinmu, alhali ba mu da ko jarida ko unguwa irin tasu.

Na kai wa shugabannin ƙungiyarmu shawarar mu ware awa biyu ranar Asabar don karatu da rubutun Hausa, kamar yadda na ga 'yan Hangari suna yi. An yaba, an ce Allah ya sa albarka, aka ɗage maganar zuwa bayan Sallah. 'Yata mai shekara tara, idan kakarta ta kira daga Zariya, tana iya cewa "Ina kwana, Hajiya" da "lafiya lau", daga nan sai ta miƙo mini wayar.