Cewa uwa "ki shayar" kaɗai bai wadatar ba

Na karanta labarin nan da ke kira ga iyaye mata su ba jarirai nono zalla har wata 6, kamar yadda Hukumar Lafiya ta Duniya ke ba da shawara. Ban musa ba. Abin da ke ci min tuwo a ƙwarya shi ne kowa sai ya ce "ki shayar", amma ba mai zama ya nuna miki yadda ake yi.

A haihuwata ta fari kan nonona tsattsagewa ya yi, har da jini. Duk sanda yarinyar ta kama sai in cije leɓe, hawaye na zuba, na ɗauka haka kowace uwa ke sha. Wata ma'aikaciyar jinya ce ta lura kan kawai take tsotsa. Ta gyara min riƙo: cikinta manne da nawa, in jira ta wangale baki ta haɗa da baƙin da ke kewaye, haɓarta na taɓa nonon. Kwana kaɗan ciwon ya lafa. Aikin minti biyar fa!

Haka zancen "nonona ba ya isar ta". Sabon jariri yakan sha sau 8 zuwa 12 a dare da rana, kuma yawan tsotson ne ke ƙara kawo ruwan nonon. Dakashin farko kaɗan ne, to ai cikin jaririn ma ɗan mitsitsi ne.

Don Allah marubuci, a gaba ka ji ta bakin masu komawa aiki da goyo.